Gashin Bakin Baba Dagadu

Shekara ashirin ke nan gidan su Sulabha suna matse inabin gonarsu a wani ƙauye kusa da garin Nashik na ƙasar Indiya, amma kwalbarsu ba hoto, sai suna kawai. Ran Asabar wani baƙo daga Mumbai ya ɗanɗana giyarsu, ya yatsina fuska.

"Ki yi haƙuri, Yaya, ni giyar gida kaɗai nake saya. Ƙananan manoma nake tallafa wa."

Ya zaro wata kwalba daga mota. Jikinta ga hoton tsoho da rawani, gashin baki kamar ƙahon ɓauna. Sulabha ta san kwalbar, ta wani ƙaton kamfani ce mai tankuna arba'in. Tsohon ma ta san shi. Surukinta ne Dagadu, wanda 'yan kamfanin suka ɗauki hotonsa a kasuwar albasa suka sallame shi da kofin shayi.

Ta ƙwala kira, "Baba! Taso ka gaida mai tallafa maka!"

Dagadu ya fito daga ƙarƙashin rumfar inabi yana hamma. Baƙon ya dubi kwalba, ya dubi tsoho, ya girgiza kai.

"Haba, Yaya, ku ji kunya mana. Har tsohon mutane sai kun kwaikwaya?"