Ɗaukar Tsoho

Abdulsalami ya tsaya a hawa na biyu, ya dafa bango yana haki, yana tsine wa wanda ya gina gidan nan babu lif. Tun bayan sallar asuba yake yawo, daga asibiti zuwa unguwar Misfala, daga Misfala zuwa nan unguwar Utaibiyya, ko shayi bai kurɓa ba. Da la'asar za a yi wa Tsoho salla a Harami, kuma har yanzu shi kaɗai ne a cikin mutum huɗun da yake nema.

Ya tarar da Abdulwadud a kishingiɗe gaban talabijin, ƙafa ɗaya naɗe da bandeji.

"Tsoho ya cika," in ji shi tun daga bakin ƙofa, don ba shi da numfashin gaisuwa.

Abdulwadud ya yi salati, ya kashe talabijin.

"Ka san abin da ya kawo ni," in ji Abdulsalami.

"Na sani. Amma dubi ƙafata, ya shehi. Sukari ya cinye yatsa biyu."

"Da yatsa ka saba ɗauka? Tashi, don Allah, na gaji."

Su huɗu ne a da, masu ɗaukar shubriyya. Yaran yanzu ko sunan ba su sani ba. Gadon katako ne da ake ɗora wa tsofaffin alhazai da marasa lafiya, ƙarti huɗu su aza shi a ka, su yi ɗawafi da su. Tsoho ne a gaba hagu, Abdulsalami a gaba dama, Abdulwadud da Bakur a baya. Tsoho ya yi soja tun yana saurayi, aka kai su bakin iyakar ƙasar ta arewa lokacin yaƙi, ya dawo da guntun ƙarfe a kwatangwalo da ɗingishin da bai rabu da shi ba. Dole sauran ukun suka koyi takunsa, in ba haka ba alhaji ya zube. Har gida matansu kan tambaye su me ya samu ƙafarsu.

Ba su ukun kaɗai yake ja ba. Duk masu shubriyya shi suke kira shugaba, ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Shekarar da wani ɗan kwangila ya hana su hutun azahar, har mutum biyu suka faɗi a rana, Tsoho bai yi ihu ba. Ajiye gadonsa ya yi a bakin ƙofa ya zauna a kai, sai kowa ya ajiye nasa. Aka kulle shi, aka sake shi, hutun kuma ya dawo. Ranar da aka daina aikin shubriyya gaba ɗaya, keken turawa ya maye gurbinta, ya tara su ukun ya ce, "Mun ɗauki duniya a ka. In na riga ku, ku za ku ɗauke ni. Kada ku bar ni a hannun yaran da ba su san nauyin mutum ba." Suka ce sun yi alkawari, suna dariya, don a lokacin gwiwa tana nan.

A unguwar Zahir suka samu Bakur, zaune a shagon katifun ɗansa yana gyangyaɗi. Kunnensa ya tafi, sai da Abdulsalami ya faɗa masa sau uku, na ƙarshen har masu wucewa suka waigo.

"Tsoho?" in ji Bakur da ƙarfi. "Mutumin da ya dakatar da ni Hajji guda don na tsallake layi? Hajji guda, jama'a! Da abincin gidansa muka rayu shekarar nan, kullum matarsa ta aiko da kwano, ni kuma ina ci ina zaginsa. Wallahi har yau ban yafe ba." Ya share ido da bayan hannu, ya shiga lalube a ƙasa. "Ina takalmina?"

Da suka isa gidan Tsoho a Misfala an riga an yi wanka. Rakan, babban ɗansa, yana tsakar gida da waya a kunne, yana magana da Larabci. Ma'aikacin banki ne, Hausarsa sai an tsinta. Da Abdulsalami ya gaya masa abin da suka zo yi, ya sauke wayar a hankali, ya dubi tsofaffin nan uku daga sama har ƙasa.

"Ya ammi," in ji shi, wato baffa da Larabci, "wallahi ba yadda kuka sani ba ne yanzu. Mota ce za ta kai shi har ƙofar Harami, daga nan ma'aikata su shigar da shi."

"Bayan salla fa?"

"Bayan salla jama'a ke ɗauka zuwa mota."

"To mu ne jama'a."

"In kuka faɗi fa? Ubana a ƙasa, gaban duniya?" Ya girgiza kai. "Ba zan iya ganin wannan ba, ya ammi. Ku yi haƙuri."

Shi ma Abdulsalami tsoron da ya taso da shi ke nan. Wuyansa ya yi shekaru bai ɗauki abin da ya fi hula ba.

Daga bayan labule yayar Rakan, Ummulkhairi, ta yi magana, muryarta a dushe.

"Rakan, ka manta lokacin da jikin Umma ya shanye? Wa yake goya ta daga bakin titi har saman dutsen nan duk ranar asibiti? Ka ce za ka ɗauko mutane, Baba ya ce matarsa ba kaya ba ce. Yana da shekara nawa lokacin? Ya taɓa kayar da ita?" Ta ja hanci. "Ni ba zan je maƙabarta ba. Abin da zan ji a gaya mini shi ne an yi masa yadda ya ce. Su uku ne, kai ne na huɗu."

Rakan ya goge fuska da tafin hannu. "Ban iya ba."

"Ba a iyawa," in ji Abdulsalami. "Naɗe ƙyallen kanka ka yi gammo. In mun taka ka taka, shi ke nan."

Harami ya cika maƙil da masu Umara. Bayan sallar la'asar aka yi kiran salla ga mamata, babu sunan kowa, Tsoho ɗaya ne kawai cikin makara da yawa da aka jera. Abdulsalami ya yi kabbarorin tare da jama'a.

Liman na yin sallama jama'a suka yi ca a kan makarorin, kowa na son lada. Abdulsalami ya tura ƙirji kamar mai shekara talatin, ya kama kusurwarsa. Bakur da Abdulwadud suka kama baya, Rakan ya shiga gaba hagu.

"Bismillah," in ji Abdulsalami.

Suka ɗaga. Sauran makarorin a kafaɗa suke, ta Tsoho ce kaɗai ta hau ka, ta yi sama da kowa. Nauyin ya sauka a wuyan Abdulsalami ya bi ƙashin bayansa har dunduniya. Kai, ashe jiki ba ya mantuwa! Ɗingishin nan ya dawo da kansa, su ukun a tare.

Kuma ba wanda ya ce wa kowa komai, ƙafafu shida suka juya suka sa Ka'aba a hagu.

"Ya ammi! Ƙofa tana can!" Rakan ya yi ihu.

Bakur ba ya ji. Abdulwadud idonsa a rufe. Abdulsalami ya ji, amma maganar ba ta kai ƙafarsa ba. Tunda suke a duniya ba su taɓa ɗaga mutum a wurin nan sun nufi ƙofa da shi ba. Uku sun fi ɗaya, suka ja Rakan suka gangara gefen masu ɗawafi, mutane na darewa suna ba su hanya kamar yadda ake yi musu a da.

Wani askari mai gadin Harami ya sha gabansu da hannuwa a buɗe. "Ya hajji! Ina za ku? Gawa ba ta ɗawafi!"

Abdulsalami ya ja ya tsaya, na baya ba su tsaya ba. Makarar ta karkace, wuyansa ya ba da wata ƙara, ya ji Tsoho yana zamewa ta gefensa. Kafin ya buɗe baki hannuwa sun taso ta ko'ina, farare da baƙaƙe, na mutane masu harami a jiki waɗanda ko yarensu bai sani ba. Suka tare makarar, suka sauke ta kafaɗunsu, suka juya da ita da sassarfa. Rakan ya bi su da gudu, gammonsa ya faɗi bai waiga ba. Nan da nan cunkoso ya haɗiye su.

Tsofaffin nan uku suka rage a tsaye, kowa da gammo a ka. Abdulwadud ya dafa kafaɗar Abdulsalami, bandejinsa ya fara ja.

"Bai taɓa ƙasa ba?"

"Bai taɓa ba."

"Ba za mu cim musu ba, ya shehi. Kafin mu kai ƙofa mota ta tashi."

"Na sani."

Bakur ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ransa a ɓace. "Wai me ya sa muka tsaya?" ya tambaya da muryar nan tasa ta kurma. "Ko zagaye ɗaya ba mu kai shi ba!"

Abdulsalami ya cire gammon, ya warware shi, ya goge gumin wuyansa. Bai taɓa jin gajiya irin ta yau ba, ƙasa kawai yake so ya zauna. Ya dubi inda makarar ta ɓace, ya dubi Ka'aba.

"To mu ƙarasa masa," in ji shi.

Ya riƙo hannun Abdulwadud, Bakur ya biyo su. Suka shiga cikin masu ɗawafi suna ɗingishi, kai babu kaya.