Ranar da Kowa Ya Zama Kurma a Gwaram

Duk tashar Birnin Kudu babu wanda bai san muryar Inna Kubra mai waina ba. In ta ce "a zo a saya da zafinta," direban da ya kai ƙauyen Kangire ma sai ya waiga. Sai ga shi Allah cikin ikonsa ya ba ta ɗan fari kurma, Nu'uman, wanda bai taɓa jin wannan murya ba. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai "yaron nan," alhali yaron nan ya ba ashirin baya, har da shagon ɗinkinsa.

Da Jihar Jigawa ta cika shekara guda aka shirya biki a Gwaram, har da gasar wasan kwaikwayo. Ƙanenta Sada, direban bas, shi ya kawo mata tsegumin cewa Nu'uman da abokansa kurame huɗu za su hau dandali.

"Su hau su ce me?" in ji ta.

"Yaya, ai ba faɗa za su yi ba, yi za su yi."

"Wato a tara mutanen Gwaram su yi wa yaron nan dariya? Ina raye?"

Abin da ta fi tsana a duniya ke nan. Tun yana ƙarami yaran unguwa ke sa ganye a baki suna tsokanarsa, ita kuma ta bi su da muciya. Ta sauke tanda daga wuta, ta ɗaura mayafi a ƙugu, ta shige gaban motar Sada. Ta rantse ko da kunne sai ta sauko da yaron nan.

Sun iso bayan azahar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ɗakin taron kuwa ya cika maƙil, ba masaka tsinke, dole ta maƙale a can baya. 'Yan Gwaram ne suka fara, ƙarƙashin jagorancin Hambali, wanda wata biyu yana haddace jawabin da zai yi a matsayin alƙali. Yana gyara rawani, ya buɗe baki, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya a kan rufin kwano.

Wayyo Hambali! Jijiyoyin wuyansa suka tashi, baki na buɗewa yana rufewa kamar na tarwaɗa, amma ko harafi ɗaya bai tsallake layin farko ba. Masu ba da maki suka yi ta kara hannu a kunne, har suka gaji suka yi masa alamar ya sauka.

Inna Kubra ta ce wa matar gabanta ta matsa. Matar ko gezau. Ta ɗaga muryar nan da Kangire ke ji, ita kanta ba ta ji abin da ta faɗa ba. Sai da ta dafa kafaɗar matar ta nuna da hannu sannan aka ba ta taku ɗaya. Haushi ya kama ta, sai kuma jikinta ya yi sanyi: minti biyar kawai ta yi a haka har ta ƙosa.

Ba ta kai ko rabin ɗaki ba kuramen suka hau. Ruwan bai dame su da komai ba. Ɗaya ya buga ƙafa a katako, sauran suka ji a tafin sawu, kowa ya kama wurinsa. Sai ga wata jibgegiyar mai waina ta fito tana rangaji, ɗaure da zane mai zanen tsuntsaye.

Zanenta ne! Zanen da ta yi sati tana zargin akuyar maƙwabta da cinye shi. Cikinsa kuwa yaron nan ne.

Ya zauna ya baje ƙafafu, ya juya waina, ya ƙone yatsa ya tsotse. Ya kori ƙuda, ya kori makwaɗaicin da ke son gyara biyu, ya harari mai ƙosan gefe da wutsiyar ido. Ɗaki ya kife da dariya. Ba a jin ta, ganinta ake yi: haƙora a waje, kafaɗu na rawa, wani dattijo har hularsa ta faɗi. Inna Kubra ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya tana neman irin dariyar nan ta masu ganye a baki, don ta san wanda za ta fara shaƙewa. Ba ta samu ba. Shi ne ke juya su yadda ya ga dama, in ya ɗaga gira su fashe, in ya tsuke fuska su nutsu. Can ta tsinci kanta tana ƙyaƙyatawa, tana dukan bayan matar da ba ta sani ba.

Daga nan wani ya shigo a matsayin ɗan mai waina. Uwar ta ba shi waina mafi girma, ta shafa kansa, ta juya masa baya. Kafaɗunta suka fara girgiza, tana share ido da bakin zane. Ɗan kuwa yana zaune a baya yana kallon kafaɗun, ya kasa cin wainar.

Shekara ashirin Inna Kubra tana juya baya ta yi kukanta, wai ai ba ya ji. Kunya da tausayi suka rufe ta lokaci ɗaya, da wani alfahari da bai bar mata wurin numfashi ba.

Da aka gama ta rangaɗa guɗa daga inda take, ta sake rangaɗawa. Yaron nan bai ko waigo ba. Sai ta tuna. Ta sa gwiwar hannu ta ratsa maza da mata, ta taka ƙafar Hambali, ta tsaya a gaban dandali inda idonsa zai sauka a kanta. Sada ya jawo mayafinta yana mata alamar ɗan fari ne fa, a ji kunya. Ta fizge.

Ta nuna Nu'uman da yatsa, ta daki ƙirjinta sau uku, ta juyo ta nuna wa duk Gwaram. Sannan ta kama gefen zanen da ke jikinsa ta jijjiga, don ya san wannan maganar ma tana nan.