Jan Kifi a Bakin Alharini

Duk garin Jiyawji an san tsohuwa Tan Gu ba ta sauke alharini daga masaƙa sai ta saƙa ɗan jan kifi a bakinsa. Dillalai sun yi mita har sun gaji, suka ƙyale ta da taurin kanta.

Kifin na da dalili. Ranar da mijinta ya kori ɗansu Heng a kan wata magana da ba ta taka kara ta karya ba, yaron ya bi jirgin fatake, ya ce ƙasar Rum ya nufa, inda duk alharinin Sin yake ƙarewa. A bakin ruwa shi da uwar suka ƙulla: duk ranar da ya ga jan kifi a kan ƙyalle a kasuwar can, zuciyar uban ta huce, ya dawo gida. Uban kuwa bai huce ba sai da ya kwanta dama. Tun daga lokacin take ta aika kifi, shekara bayan shekara, ba Heng ba labarinsa.

Wata damina iska ta hana jiragen ruwa tashi, ta tsare wani Barume a garin, mai suna Zenon, ɗan birnin Sur. Dogon hanci gare shi, ga surutu da gurgun Sinanci. Ya shigo rumfarta yana tambaya a nuna masa itacen da ake taje alharini daga ganyensa. Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta buɗe masa faifan tsutsotsi suna cin ganye, ta ce ga masu yin zaren nan. Ya ce wasa take masa. Ta ce mutumin da ya ƙetaro teku da wannan hancin bai sansano gaskiya ba, ai sai haƙuri.

Don kada a raina ƙasarsu, sai ya zaro wani mayafi shara-shara, kana ganin tafin hannunka ta cikinsa. Ya ce saƙar mahaifiyarsa ce. Tan Gu ta murza shi, ta ji zaren irin nasu ne sak. Murna ta kama ta: ashe kayan suna isa. Ta jawo nata, ta nuna masa kifin, ta tambaye shi ko ya taɓa ganin irinsa a kasuwarsu.

"A kasuwa? Haba Inna, ai naku bai zuwa kasuwa haka. Ya cika kauri. Daga jirgi sai gidan masu warwara, a zare shi ɗaya-ɗaya, a sake saƙawa. Aikin tsohuwata ke nan tun tana budurwa."

"Duka ake warwarewa?"

"Duka."

"To, ɗan nan, jan zaren bakin fa?"

Ya ɗan yi tunani, tsakaninsa da Allah yana son ya ba ta amsa daidai. "Gajeru ne, Inna, ba sa saƙuwa. Sharewa ake yi."

Ya ci gaba da yabon hannun mahaifiyarsa, bai san abin da ya yi ba. Ita kuwa hankalinta ya tafi kan ɗanta. Watakila Heng yana can da ransa, yana zaga kasuwa yana juya bakin ƙyallaye, ya gama yarda cewa har yau ba a yafe masa ba.

Da baƙon ya tafi ta koma kan masaƙa. Kifin ranar saura wutsiya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauki jan zaren ta ƙarasa.