Allurar Bara'atu

Ƙanwata Bara'atu da mijinta Jumare ciwo ɗaya ke cinsu. In suna barci sai minshari, can numfashi ya ɗauke, su farka a firgice kamar an shaƙe su. Amma shi masinja ne a ofishin ƙaramar hukuma a Tambuwal, in ya kife kai a kan benci da hantsi sai a ce bawan Allah ya kwana nafila. Ita kuwa in ta gyangyaɗa a bakin murhu, ragguwa ce. Kullum da ciwon kai take tashi, jiki a mace, haka take tuyar ƙuli-ƙuli.

A shekarun da kowa ya samu ya sayi babur ne wani likita ya zo asibitin garin. Ya ce masu irin wannan ciwo su taru, zai tafi da wanda abin ya fi tsananta Sakkwato a duba shi. Ni na taso daga Kebbe na ja ta, don ba wanda zai kai ta.

Dabarar likitan kuwa, Allah ya sawwaƙe. Bayan azahar ya zaunar da su a inuwar baranda, ya koma gefe da agogo, yana rubuta sunan duk wanda barci ya sace. Maza bakwai ne, mace ita kaɗai. Kuma a tabarmar da ke fuskantarta ga surukinta, Malam Na'Allah, ya rako ɗansa.

Jumare bai yi minti biyar ba ya hangame baki. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Bara'atu idonta ya kaɗa ya yi ja, kanta na rinjaya, sai ta zabura ta gyara lulluɓi. Na matsa na ce mata ta saki jikinta, abin da aka zo yi ke nan.

"Yaya, gaban Baba za ni yin minshari?" ta ce. "Kwana nika ji kamar in mutu, amma ba ni iyawa."

Sai da aka tashi na ga allurar ɗinki a hannunta, da ɗigon jini a zaninta. Cinyarta ta yi ta soka har awa guda. Na nuna wa likitan, ya ce shi abin da agogo ya nuna yake rubutawa. Surukin ya yaba da kunyarta. Aka tafi da Jumare a mota.

Sati uku bayan nan barci ya ɗauke ta da rana tsaka, ta kifa cikin kaskon mai. Kwana biyu ta yi ta rasu.

A zaman makoki, ina jinsa ta katanga, Jumare yana faɗa wa masu gaisuwa: "Sakacinta na kawai. Likita da kainai ya ce ba abin da ka damunta."

Har yau ban yafe ba. Ana cikin addu'a Jumare ya fara minshari, Malam Na'Allah ya ce a rage murya, yaron ba shi da lafiya.