Rumfar Gora

Ƙanena Harisu kafinta ne a unguwar Adjamé cikin Abidjan, ga taurin kai kamar na jaki. Aikinsa gina rumfunan baje koli. Duk shekara masu shigo da magani da kayan asibiti suna haɗuwa a Treichville, a kafa musu rumfuna da katako da leda, a shafe da fenti. Ana tashi sai a farfasa, a watsar a bakin ruwa. Abin nan yana ci masa rai.

Ya ce, "Yaya Saudatu, kifin ruwan nan fa muke ci."

Na ce, "Kai ne Sarkin Ruwa? Yi abin da aka sa ka."

Ina! Ga shi rikicin ƙasa ya kori masu ba shi aiki, saura Alhaji Tasi'u kaɗai, mai shigo da magunguna. In Alhaji ya tafi, shago ya mutu. Amma Harisu ya bi ya lallaɓa shi har ya yarda da rumfar gora da tabarmar kaba. Ba ƙusa, ba fenti, ɗauri kawai. A kwance ta, baɗi a sake ɗaurawa.

Wallahi ta yi kyau. Ni da na yi ta masifa sai da na sa albarka.

Ranar buɗewa na je da kaina. Likitoci na zuwa su kalli tabarma, su kalli kwalayen magani, su kau da kai. Nan gabana ya faɗi. A Abidjan kowa ya san wanda yake jera magani a kan tabarma: 'yan bakin titi, masu ƙwayoyin da rana ta dafa. Wata likita har ta tsaya tana dariya, ta tambayi Alhaji ko akwai na basir. Mutumin da takardunsa suke cif!

Da aka tashi Alhaji ya ce, "Malam Harisu, ka mai da ni boka a gaban mutane. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Shi ke nan. Kafin damina an rufe shago, Harisu ya koma tura amalanke a kasuwa. Gorar kuwa ya bar ta a ƙofa, aka kwashe.

Yanzu rumfar tana nan tsaye kusa da mararrabar Indénié. Wata mata ke sayar da ƙwayoyi a ƙarƙashinta, ledojin suna bin kwata zuwa ruwan da ya so ya tsare. In na wuce baƙin ciki kamar ya kashe ni. Damina ta zo ta tafi, rumfar ko gezau.

Jiya na hango Harisu ya ajiye amalanke a gefenta. Na zaci faɗa zai yi. Ashe wani ɗauri ne ya ga ya yi sako-sako. Ya tsuke shi, ya wuce.