Amsar da Aka Aiko wa Babana

Babana, Malam Maharazu na garin Babban Mutum, tare suka tashi da Alhaji Kalilu na Daura, kwano ɗaya suke ci. Siyasa ce ta raba su. Lokacin zaɓen ƙarshe kafin soja su karɓi mulki, Baba ya hau tebur a kasuwar Mai'adua ya yi wa Alhaji ƙazafi, wai ya ƙwace gonakin marayu. Ƙarya ce, kuma Baba ya san ƙarya ce. Alhaji ya ci zaɓensa, ya riƙe minista a Kaduna, mulki ya kife ya dawo gida ya zauna. Tun daga nan ko a jana'iza ba su ƙara haɗa ido ba.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo, ciwo ya kwantar da Baba. Ƙafafu suka kumbura, ko zama ba ya iyawa. Ya kira ni ya ce, "Hasana, ba mutuwar nake tsoro ba, haƙƙin Kalilu nake tsoro. A rubuta masa, ya yafe mini."

Na kirawo malamin firamare, ya yago takarda daga littafin 'yan makaranta. Baba na faɗa yana hawaye, malam na rubutawa. Aka ba direban motar kasuwa ya kai.

Amsa ba ta daɗe ba ta zo, cikin farin ambulan, an buga da tafireta. Baba har ya sa aka jingina shi da bango don ya ji da kyau. Malam ya buɗe ya karanta: "Alhaji ya samu takardarka. Yana baƙin cikin sanar da kai cewa ba zai iya biya maka wannan buƙata ba. Sai haƙuri." Ga sa hannu a ƙasa.

Baba ya ce, "To. Yana da gaskiya." Ya juya fuskarsa bango. Daga ranar ko koko sai da lallashi.

Ni kuwa zuciya ta ciwo ni. Haba! Mutum yana bakin kabari ya ce a yafe masa, a ce sai haƙuri? Ko gaban alƙali ba a yin haka. Da safe na yafa gyale na hau mota sai Daura, don in ji daga bakinsa.

A gefen zauren Alhaji akwai wani ɗaki da suke kira ofis. Sakatarorinsa biyu ne a ciki: Zailani, mai taye a wuya da wannan zafin, da Ɗantsoho, wani dogo da ke dukan tafireta da yatsa biyu. Na miƙa musu takardar na ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Zailani ya duba ya yi murmushi. Wallahi har da alfahari ya yi mini bayani. Ya nuna kwalayen sabulu a ƙasa cike da wasiƙu. Wai wadda aka buga da tafireta, ko mai tambarin gwamnati ko na kamfani, ita ake shigar wa Alhaji. "Ta takardar littafin makaranta kuwa, baiwar Allah, mun san abin da ke ciki tun ba a buɗe ba. Kujerar Makka, kwangila, a sama wa yaro aiki. Tun da kuɗin fetur ya zo kowa ya zama maroƙi."

Ɗantsoho ya jawo aljihun tebur. Irin amsar da aka aiko wa Baba ce jibge, an buga tun tuni, suna kawai ake cikewa. Sa hannun ma hatimin roba ne.

Na ce, "Wato ba ku karanta ba?"

Ɗantsoho ya ce, "Mun buɗe mana. Ta ina za mu ga adireshi?"

Jama'a, ku ji mini rashin imani! Na ce, "Ubana ne kwance rai a hannun Allah, gafara ya nema, kuka ce masa sai haƙuri. Ku wa ya aiko ku ku hana gafara da sunan wani?"

Zailani ko a jikinsa. Ya ce in je a sake rubuto wata, a buga ta da kyau, zai sa ta a sama. Ganin Alhaji kuwa sai ranar da aka tsayar.

Na ɗauke takardata, na yi tsaki na fita. Abin da suka manta shi ne, ni mace ce, ba na neman iso a zaure. Na ratsa na shige cikin gida, na faɗi gaban uwargidansa Hajiya Yelwa ina kuka. Ita ta kama hannuna har turakar maigida.

Alhaji ya tsufa ƙwarai, idonsa ma ya yi rauni. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce 'yar Maharazu." Na faɗa masa komai. Ya kai takardar dab da idonsa. Ya ce, "Innalillahi! Ni na ce haka? Ni da na daɗe ina jiran Maharazu ya aiko ko da gaisuwa ce?" Ko hula bai tsaya sakawa ba, ya ce a fito da mota.

Mun iso Babban Mutum bayan la'asar. Na riga kowa shiga ina cewa, "Baba, ga shi ya zo! Ba shi ya rubuta ba!"

Baba na da rai. Idonsa a buɗe yake, yana kallon rufin ɗaki. Innata ta ce tun da hantsi ya daina gane kowa.

Alhaji ya durƙusa a kan tabarma, ya sa bakinsa a kunnen Baba. "Maharazu, ni ne Kalilu. Na yafe maka duniya da lahira. Ka ji ni? Maharazu, na yafe!" Ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe, Baba ko ƙiftawa bai yi ba.

Kafin magariba ya cika. Mutane na ta ba ni haƙuri, wai ai gafarar ta isa wurin Allah. Na yarda ta isa. Amma Baba bai ji ta ba, ya tafi yana ganin amininsa ya ƙi shi, kuma ni wannan ban yafe ba.