Harafin da Uzairu Ya Ƙara

Ranar wata Talata ce a watan Agusta, Jos ta tashi da yayyafin nan mai sanyi da ba ya jiƙa mutum sai ya raina shi. Uzairu ya rufe rumfarsa ta Gada Biyu tun kafin la'asar, don fenti ba ya bushewa a irin wannan rana. Sana'arsa rubuta allunan shaguna, kuma an san shi da hali guda: ba ya iya ganin an ci harafi ya wuce. Ya taɓa aron tsani ya gyara allon wani mai aski da bai ma san shi ba.

A gida, a Rikkos, ya tarar matarsa Amatullahi ta dawo daga ɗaukar hoton ciki. Watansu tara da aure, kuma duk wata idan ta ajiye salla, shi ma sai ya ajiye fara'a.

"Me suka ce, Amarya?"

"Takarda suka ba ni, wai in kai wa likita. Layinta kuwa sai nan da sati uku."

Tana shiga kicin ya buɗe takardar. Ya tsallake dogon Turancin, ya sauka kan haruffa uku a ƙasa: PCO. Ya buga su a waya. Wayar ta tambaye shi ko PCOS yake nufi.

Shi ke nan, mai na'urar ya ci harafi! Ya shiga karatu: wahalar samun ciki, ƙiba, ciwon suga, har da gashi a haɓa. Ya ɗauko baƙin biro ya zauna wa takardar. Ya fitar da S ɗin da ko injin da ya buga sauran sai ya rantse nasa ne. Ya ƙudura a ransa ba zai gaya mata ba, zai yi maganin abin shiru.

Washegari sukari ya ɓace daga gidan. Kwana ɗaya bayan nan burodi ya bi shi. Buhun dankalin da aka kawo mata daga Bokkos ya koma gidan maƙwabta da sunan sadaka. Acca da safe, acca da rana. Bayan sallar asuba kuma ya tasa ta gaba su zaga unguwa cikin sanyi.

"Wai me kake nema a haɓata?" ta tambaye shi ranar da ta kama shi yana leƙe karo na uku. "Ajiya ka yi a wurin?"

"So ne kawai."

"To ka ce wa son ya dawo min da sukarina."

A kwana na tara ya shigo da ɗan madubi mai ƙara girman abu, ya ce ta ɗan ɗaga kai. Ta haɗa kaya a jaka, ta ce za ta Tudun Wada wurin yayarta Talatu, inda ake cin abinci irin na mutane, su haɗu a asibiti. Uzairu ya zauna shi da acca, kwana goma sha biyu.

Dakta Anene mace ce mai tabarau a kan hanci, Hausarta ta kasuwar Terminus. Ta karanta takardar, ta ɗaga ta wajen taga, ta goga babban yatsa a ƙasa. Yatsan ya fito da baƙi.

"Wane ne ya sa wannan S?"

"Gyara ne, Dakta," in ji Uzairu. "Mai na'urar ya manta."

Amatullahi ta juyo a hankali ta dube shi.

"Oga, kai da biro ka ba matan ka ciwo?" Likitar ta cire tabarau tana dariya. "Madam, al'adan ka yana zuwa daidai?"

"Ko ladan bai kai ta kiyaye lokaci ba."

"Gashi a fuska? Ƙuraje?"

"Tambayi mai gadin haɓar, ga shi nan zaune."

"Babu," in ji Uzairu, murya ƙasa-ƙasa. "Na duba."

Sai ta zana musu a bayan takardar. Haruffa ukun nan, in ji ta, abin da hoto ya gani ne kawai: ƙananan ƙwayaye da yawa a ma'ajiyar ƙwai. Mata da yawa haka nasu yake, suna haihuwa ba su ma sani ba. Mai S ɗin kuwa sai an haɗa da wata alamar, ko al'ada ta rikice ƙwai ba ya fita, ko sinadarin maza ya yi yawa a jiki. Shi ma ana shan magani a haihu. Za ta sa a gwada jini don a tabbatar, kuma wata tara bai ma kai shekarar da ake fara damuwa ba.

Uzairu ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Har ya fara murmushi, sai likitar ta jawo kalanda.

"Madam, yaushe na ƙarshe ya fara?" Ta ƙirga da biro, ta zagaye kwana shida. "Wannan ne lokaci mai kyau a watan nan. Kun yi ƙoƙari?"

Miji da mata suka kalli da'irar. Duk kwanakin shida a Tudun Wada suka faɗa.

"Yana gida yana ƙoƙari da acca," in ji Amatullahi.

"To sai wata mai zuwa. Kai kuma, Oga, ga takardan gwajin ka, don ba mace kaɗai ake dubawa ba. Kar ka ƙara masa komai."

A cikin keke mai ƙafa uku, kan hanyar Rikkos, ta miƙa masa hannu ta ce ya riƙe yatsun, za ta lissafa masa abin da aka rasa. Buhun dankali ɗaya. Takardar hoto ɗaya. Kwana goma sha biyu. Wata guda cur.